Hoton Maganaɗisu da Tantance Naman Zuciya Bayan Toshewar Jijiya

1.0 Gabatarwa

Kalmar zuciya tana daga cikin kalmomin Hausa masu ɗauke da ma'anoni da yawa. Idan aka ce wane yana da zuciya, ana iya nufin jarumi ne, ana kuma iya nufin mai saurin fushi ne. Wanda aka ce zuciyarsa ta mutu, malalaci ne da ba ya neman na kansa. Hatta ciwon zuciya, a bakin mutane da yawa, baƙin ciki ne da takaici. A wannan babi ba ɗaya daga cikin waɗannan ake nufi ba. Zuciyar da za a yi magana a kanta ita ce tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda girmanta bai fi dunƙulen hannun mai ita da yawa ba. Mutuwar da za a ambata kuwa ta zahiri ce, wato mutuwar wani yanki na naman wannan tsoka.

Idan jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini ta toshe, yankin da take ciyarwa yakan daina motsi. To amma rashin motsi ba shi ne mutuwa ba. Wani naman ya mutu murus ya zama tabo, wani kuma da ransa, jini kawai yake jira. Likitan da zai ba da shawarar a buɗe jijiyar ko a bar ta yana bukatar sanin wanne ne daga ciki, domin aikin yana da haɗari ga rai, yana kuma cin kuɗin da iyali da yawa ba sa samu sai sun sayar da gona ko shanu.

A ɗauka, alal misali, wani magidanci ne manomi a Limawa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Dutse ta Jihar Jigawa. Shekarunsa sun doshi 60, ya daɗe da hawan jini, amma ba ya shan magani sai in kansa ya yi ciwo. Wata rana da damina yana cikin noma sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, gumi ya keto masa, ciwon ya bi ta hannun hagu. Aka ce gyambon ciki ne, aka jiƙa masa kanwa, ya kwanta kwana uku ya tashi. Bayan wata huɗu sai haki ya hana shi isa masallaci ba tare da ya tsaya a hanya ba, ƙafafunsa kuma suka fara kumbura. Za a riƙa komawa ga wannan misali a cikin bayanin da ke tafe.

2.0 Yadda Zuciya Take Ciyar da Kanta

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jinin da ya kai lita 5 a kowane minti ga baligin da ke zaune yana hutawa. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne mai bango mafi kauri, domin shi ke tura jini zuwa dukkan jiki, kuma a kansa mafi yawan wannan bayani zai tsaya.

Abin mamaki shi ne, duk da cewa zuciya cike take da jini dare da rana, namanta ba ya iya ƙoshi daga jinin da ke cikin ɗakunan. Tana da nata jijiyoyi na musamman da suka fito daga gindin babbar jijiyar jiki, suka naɗe ta ta waje kamar yadda rawani ke naɗe kai. Guda biyu ne, ta dama da ta hagu, amma ta hagun takan rabu biyu tun kusa da tushe, shi ya sa likitoci kan ƙirga su uku. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, wato kamar bututun tawadar biro. Ya kamata a lura cewa Bahaushe yana kiran abubuwa da dama da sunan jijiya: da mai kai jini, da mai dawo da shi, da mai ɗaukar saƙon ji da motsi, da ma agarar da ke haɗa tsoka da ƙashi. A nan, duk inda aka ce jijiya, waɗannan masu ciyar da naman zuciya ake nufi.

Toshewar takan fara ne shekaru da yawa kafin a ji komai. Maiƙo yakan riƙa taruwa a ƙarƙashin fatar cikin jijiyar, hanyar jini tana ƙuntata. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da yawan maiƙo a jini, da ƙiba, da tsufa, da gado, su ne ke hanzarta wannan taruwa. Wani lokaci tarin maiƙon yakan fashe farat ɗaya, jini ya daskare a wurin ya rufe hanyar baki ɗaya. Wannan shi ne abin da ya sami manomin Limawa a gona. Wani lokaci kuma rufewar a hankali take zuwa, har jiki ya sami sukunin buɗe wasu 'yan ƙananan jijiyoyi daga maƙwabciyar jijiya, su zama kamar ɓarauniyar hanya da jini ke bi ya isa bayan wurin da ya toshe. Idan jijiya ta rufe ruf har tsawon wata uku ko fiye, likitoci kan kira ta daɗaɗɗiyar toshewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta ta kashe mutum miliyan 8.9 a shekarar 2019, wato kashi 16 cikin ɗari na mace-macen duniya a shekarar. A da, ana ɗaukar ta cutar Turawa ce da ba a cika gani a Nijeriya ba. Wannan zato ya kau. Wani bincike da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta ya tattara bayanan majinyata 1,072 daga asibitoci daban-daban na ƙasar tsakanin 2013 da 2018, aka buga sakamakonsa a 2022. Hawan jini ne ya fi yawa a cikin musabbabai, kuma da yawa daga cikin majinyatan sun iso asibiti a makare.

3.0 Matacce, da Sumamme, da Kwantacce

A shekarar 1977 wasu masana biyu a Amurka, Keith Reimer da Robert Jennings, suka nuna ta hanyar gwaji a kan karnuka cewa naman zuciya ba ya mutuwa gaba ɗaya a lokaci guda. Mutuwar takan fara ne daga fuskar ciki ta bangon, wato ɓangaren da ke kallon ɗakin, domin shi ne mafi nisa daga jijiyoyin da ke kwance a waje. Bayan minti 40 da ɗaure jijiya, wannan ɓangare na ciki ya riga ya mutu. Daga nan sai mutuwar ta riƙa cin bangon tana nufar waje, kamar yadda wutar daji ke cin ciyawa daga gefe guda, har cikin awa 3 zuwa 6 ta cinye mafi yawan kaurinsa. Naman da ya mutu ba ya sake tsirowa. Cikin 'yan makonni jiki yakan kwashe shi ya cike gurbin da tabo mai tauri, wanda ba ya matsewa balle ya tura jini.

To amma ba duk naman da ya daina motsi ne ya kai ga haka ba. Akwai wanda jini ya yanke masa na ɗan lokaci sannan ya dawo kafin ya mutu. Irin wannan yakan yi kwanaki ko makonni bai motsa sosai ba, sannan ya farfaɗo da kansa. Eugene Braunwald da Robert Kloner ne suka yaɗa bayaninsa a 1982, ana iya kiransa sumammen nama.

Nau'i na uku shi ne ya fi jan hankali. Nama ne da ya daɗe yana samun jini kaɗan, wanda ya isa ya rayu amma bai isa ya yi aiki ba. Maimakon ya mutu, sai ya rage wa kansa hidima: ya daina matsewa, ya taƙaita abin da yake ƙonawa, ya kwanta. Likita Shahbudin Rahimtoola, wanda ya yi aiki a Amurka, shi ne ya fito da wannan fahimta fili a shekarun 1980, bayan an lura cewa wasu yankunan zuciya da aka ɗauka matattu ne sun dawo aiki da aka yi wa masu su tiyata. Duk wanda ya san fadamun Haɗeja ya san gaiwa. Idan ruwa ya janye da rani, wannan kifi yakan shige cikin laka ya naɗe, ya yi watanni ba ci ba motsi, wanda ya tono shi zai rantse matacce ne. Ruwa na dawowa sai ya warware ya kama iyo. Haka kwantaccen naman zuciya yake. Bambancin kawai shi ne, idan ranin ya yi tsawo da yawa, naman yakan lalace a hankali har ya koma tabo.

Matsalar ita ce, a awon da aka saba yi, duk ukun kamanninsu ɗaya. Hoton zuciya na sauti, wanda ma'aikatan asibiti ke kira eko, zai nuna cewa bango ba ya motsi, amma in ba an haɗa shi da wata allura ta musamman ba, ba zai faɗi dalili ba. Hoton jijiyoyi, wanda ake zura siririn bututu ta hannu ko ta cinya a yi, zai nuna inda hanya ta toshe, amma ba zai nuna halin da naman da ke bayan toshewar yake ciki ba.

4.0 Na'urar Hoton Maganaɗisu

Na'urar da aka fi sani da haruffan MRI ba ta amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Da maganaɗisu da igiyar rediyo take aiki. Fiye da rabin nauyin jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma a cikin kowane ɗigon ruwa akwai ƙwayoyin haidurojin bila adadin, kowace tana da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. A zaman yau da kullum kowace inda ta ga dama take fuskanta. Idan aka shigar da mutum cikin babban maganaɗisu, sai wani kaso daga cikinsu ya daidaita ya fuskanci gefe guda. Daga nan sai na'urar ta aika musu igiyar rediyo ta ture su daga wannan sahu. Da igiyar ta tsaya sai su koma, suna fitar da wani ɗan amo wanda na'urar ke kamawa. Ƙwayoyin da ke cikin kitse, da na cikin jini, da na cikin tsoka, kowanne da saurin komawarsa. Wannan bambanci kwamfuta ke juyawa ya zama hoto.

Ana auna ƙarfin maganaɗisun da ma'aunin tesla. Wanda aka fi amfani da shi wajen hoton zuciya mai tesla 1.5 ne, wato ya ninka ƙarfin maganaɗisun doron ƙasa kimanin sau 30,000. Igiyar rediyon da yake aiki da ita tana kan mita kusan megahaz 64, ƙasa kaɗan da zangon FM da ake kama tashoshi da shi. Domin riƙe wannan ƙarfi, wayoyin da ke cikinsa sai an jiƙa su cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma maganaɗisun ba a kashe shi, ko da dare, ko ranar hutu.

Tushen ilimin ya faro ne daga Felix Bloch da Edward Purcell a 1946. Paul Lauterbur ya nuna yadda za a mayar da amon ya zama hoto a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya samar da hanyar hanzarta ɗaukarsa, su biyun suka sami kyautar Nobel a 2003.

5.0 Yadda Ake Awon Zuciya

Ɗaukar hoton zuciya ya fi na kai ko na gwiwa wuya, domin zuciya ba ta tsayawa, ƙirji kuma yana hawa yana sauka. Saboda haka akan manna wa majinyaci wayoyin awon bugun zuciya, na'urar ta riƙa ɗaukar hoto daidai da kowane bugu, a kuma bukace shi ya riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15, sau da yawa. Awon kan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, mutum yana kwance cikin wani dogon rami mai ƙara kamar injin niƙa, an toshe masa kunne.

Matakin farko shi ne hoto mai motsi. A nan ake ganin kaurin bango, da yankin da ke matsewa da wanda ya tsaya, a kuma lissafa kason jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya takan fitar da fiye da rabin abin da ke cikinta; idan kason ya sauka zuwa 35 cikin ɗari ko ƙasa, rauni ya yi tsanani. Domin kowa ya fahimci rahoton kowa, tun 2002 aka amince da raba bangon ɗakin hagu gida 17, kowane gida an san jijiyar da ta saba ciyar da shi.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙin awon. Akan yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam, irin wanda aka fara amfani da shi a asibitoci a 1988. Wannan sinadari ba ya iya shiga cikin ƙwayar nama mai rai. A ratar da ke tsakanin ƙwayoyi kawai yake yawo. A lafiyayyen nama ƙwayoyin a matse suke da juna, ratar kaɗan ce, don haka sinadarin yakan shiga kaɗan ya fita da wuri. A tabo kuwa ƙwayoyin sun tafi, sai zare-zare masu fili a tsakani, sinadarin ya shiga da yawa ya daɗe bai fita ba. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga irin wannan: inda aka ɗaure yadi tam, baba ba ya shiga, inda aka bari sake kuwa nan yake kamawa. Bayan minti 10 zuwa 15 da yin allurar sai a sake ɗaukar hoto, a saita na'urar yadda nama mai rai zai fito baƙi. Tabo sai ya fito fari fat. Ma'ana, bangon da ba ya motsi amma ya fito baƙi, da ransa: ko sumamme ne ko kwantacce.

Raymond Kim da Robert Judd da abokan aikinsu a Jami'ar Northwestern da ke Shikago ne suka tabbatar da wannan hanya. A 1999 sun nuna a kan karnuka cewa farin da ke cikin hoto ya yi daidai da mataccen naman da aka gani bayan an yanka zuciyar. A 2000 kuma suka buga sakamakon majinyata 50 da aka yi wa hoton kafin a buɗe musu jijiya. A yankunan da ba sa motsi sosai amma babu fari ko kaɗan, kashi 78 cikin ɗari sun farfaɗo. Inda tabo ya ci har zuwa rubu'in kaurin bango, kashi 59 suka farfaɗo. Daga rubu'i zuwa rabi, kashi 42. Daga rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, kashi 10 kacal. Inda ya wuce haka, yanki ɗaya tak ya farfaɗo daga cikin 58. Daga nan aka samo ƙa'idar da ake bi: tabon da bai kai rabin kauri ba, akwai fata, wanda ya wuce rabi, fatar kaɗan ce. A lura da kyau, wannan rabin ba katanga ba ce. Yankin da ke tsakanin rubu'i da rabi kusan canki-canki ne, shi ya sa a irin wannan hali akan ƙara wata allurar mai suna dobutamin, wadda ke ɗan zaburar da zuciya, a ga ko bangon zai amsa.

Hoton ya kuma gyara wani tsohon zato. An daɗe ana cewa bangon da ya sirance ƙasa da milimita 6 ya gama mutuwa. Wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu irin wannan siririn bango tabonsu kaɗan ne, kuma bangon ya sake yin kauri bayan an mayar masa da jini.

Akwai wasu abubuwan da awon kan bayyana a zama ɗaya: gudan jinin da ya daskare a cikin ɗakin, wanda zai iya ɓallewa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki, kumburin da ke nuna cewa raunin sabo ne, da wani baƙin ɗigo a tsakiyar farin tabo, alamar cewa ƙananan hanyoyin jini na wurin sun lalace. Haka kuma, idan ana son sanin ko ƙuntatacciyar jijiya tana hana nama ƙoshi a lokacin aiki, akan yi allurar adenosin a kalli yadda jini ke shiga bango. Wannan allura ba ta aiki sosai idan akwai sinadarin kafin a jiki, don haka akan hana shayi da kofi na kwana ɗaya. Takardun da aka rubuto daga Turai ba sa ambaton goro, alhali shi ma cike yake da wannan sinadari, kuma dattijon da aka ce kada ya sha shayi ba zai ga laifin ɓantarar goro a mota ba.

6.0 Siffar Tabo Tana Nuna Musabbabi

Tun da mutuwar da toshewar jijiya ke haddasawa daga ciki take farawa, tabonta kullum yana manne da fuskar ciki ta bango, kuma yana bin yankin jijiya guda. Tabon da aka gani a tsakiyar bango, ko a fuskar waje, ko a warwatse, wata cutar ce daban ta kawo shi. Wannan batu yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda raunin zuciya ya fi zuwa ta hanyar hawan jini, da lalacewar ƙofofin zuciya tun ƙuruciya, da kuma ciwon zuciyar masu jego. Wannan na ƙarshe, Neil Davidson da Eldryd Parry sun yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970, suka danganta yawansa da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. A wannan zamani kuma Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci bincike mai faɗi a kansa. Mai irin waɗannan cututtuka zai zo da haki da kumburi iri ɗaya da na manomin Limawa, amma buɗe jijiya ba shi ne maganinsa ba.

7.0 Iyakar Abin da Hoton Ke Faɗa

Hanyoyin mayar da jini biyu ne. Akwai tiyatar ratse, inda ake ɗauko jijiya daga ƙirji ko ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya ta tsallake toshewar, wadda René Favaloro ya kafa a 1967 a Amurka. Akwai kuma buɗewa da bututu mai balan-balan, wadda Andreas Grüntzig ya fara a birnin Zurik a 1977, daga baya aka ƙara mata 'yar ragar ƙarfe mai tokare jijiyar.

Hankali zai ba da cewa duk wanda aka ga namansa da rai, buɗe jijiya zai tsawaita masa kwana. Manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar da hakan kai tsaye ba. A gwajin STICH, mai majinyata 1,212 masu raunin zuciya mai tsanani, an ga bayan kimanin shekara 10, a rahoton 2016, cewa waɗanda aka yi wa tiyatar ratse tare da magani sun fi waɗanda aka bari a kan magani kaɗai rayuwa. Amma rahoton 2011 na wannan gwaji ya nuna cewa awon rayuwar nama bai iya ware waɗanda tiyatar za ta fi amfana ba, ko da yake ba da hoton maganaɗisu aka yi awon ba. A 2022 kuma gwajin REVIVED, mai majinyata 700 a Birtaniya, dukkansu masu nama mai rai, ya nuna cewa sa ragar ƙarfe bai rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba idan aka kwatanta da magani mai kyau kaɗai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne magungunan raunin zuciya na yanzu su ma suna tayar da kwantaccen nama. Abin da nazarin 2023 na wannan gwaji ya ƙara fitarwa shi ne, yawan tabo yana nuna wanda ya fi shiga haɗari, ko an buɗe jijiya ko ba a buɗe ba. Game da daɗaɗɗiyar toshewa kuwa, ribar da aka fi tabbatarwa ita ce sauƙin ciwon ƙirji, ba tsawon rai ba.

Don haka kuskure ne a ɗauki hoton a matsayin alƙali. Shaida ne mai ƙarfi, wanda likita zai haɗa da shekarun majinyaci, da lafiyar ƙodarsa, da ciwon sukari, da siffar jijiyoyinsa, da irin wahalar da yake sha. Inda ya fi amfani shi ne wajen hana aikin banza: yankin da ya zama fari tun daga ciki har waje ba zai dawo ba, ko an kashe nawa.

8.0 Daga Limawa Zuwa Ɗakin Hoto

Hanyar manomin da aka yi misali da shi takan fara daga asibitin sha-ka-tafi, ta bi ta Babban Asibitin Dutse ko Asibitin Rasheed Shekoni, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, inda za a fara da awon bugun zuciya, da gwajin jini, da eko. Idan ana bukatar ƙarin bincike akan tura majinyaci Kano, tafiyar kimanin awa biyu a mota, ko ma gaba da nan. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya samu na'urorin MRI 58 a duk Nijeriya, mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi. Ba kowace na'ura ce ke iya hoton zuciya ba, domin sai da ƙarfin maganaɗisu isasshe, da manhajar da ke bin bugun zuciya, da wutar lantarki marar yankewa, da ma'aikacin da ya ƙware a ɗauka, da likitan da ya ƙware a karantawa. Saboda haka, kafin iyali su ɗauki mara lafiya su kama hanya, ya dace likitan da ya tura su ya tabbatar cewa wurin yana yin hoton zuciya tare da allurar gadoliniyam, ba hoton kai da na baya kaɗai ba.

Kafin shiga akwai sharuɗɗa. Sai an gwada ƙoda, domin tun 2006 aka gano cewa wasu nau'o'in gadoliniyam suna iya haddasa wata muguwar cutar taurin fata ga mai ƙodar da ta yi rauni ƙwarai. Ba a cika yi wa mai ciki wannan allura ba. Duk wani ƙarfe sai an cire: wuƙa, makulli, waya, agogo, awarwaro, 'yan kunne, har da guru ko laya idan akwai ƙarfe a ciki, domin maganaɗisun yana fizgar ƙarfe da ƙarfin da hannu ba ya iya riƙewa. Maƙeri ko mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido, da wanda ke da harsashi a jiki, da mai batirin daidaita bugun zuciya, wajibi ne su faɗa tun da wuri. Ragar ƙarfen da ake sa wa jijiyar zuciya kuwa galibi ba ta hana awon.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika kula da shi ba. Ingancin hoton ya rataya ne a kan riƙe numfashi daidai lokacin da aka ce, muryar da ke cikin na'urar kuma sau da yawa da Turanci take magana. Dattijon da bai ji abin da aka ce ba zai yi ta numfashi, hoton ya fito dishi-dishi, kuɗi ya tafi. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan zauna da shi tukuna ya gwada masa: "Baba, in na ce a ja numfashi sai a ja, in na ce a saki sai a saki, in na ce a riƙe sai a tsaya cak har in ce a huta."

Idan rahoton manomin ya nuna cewa gaban zuciyarsa ba ya motsi amma tabon siriri ne a fuskar ciki, bai kai rubu'in kauri ba, kuma jijiyoyi biyu ko uku sun ƙuntata, likitoci za su zauna da iyalinsa a kan tiyatar ratse, aikin da ake yi a wasu cibiyoyi ƙalilan a ƙasar, wadda ta fara tiyatar buɗe zuciya a Inugu tun 1974. Idan kuwa yankin ya fito fari daga ciki har waje, sai a bar jijiyar yadda take, a mayar da hankali kan magungunan ƙarfafa zuciya, da na hawan jini, da na rage maiƙo, da rage gishiri da kanwa, a kuma duba ko akwai gudan jini a ɗakin da ke bukatar maganin tsinka jini. Ko wanne aka zaɓa, akan sake yin eko bayan wata 3 zuwa 6 domin a ga ko kason jinin da zuciyar ke fitarwa ya ƙaru.